Giwa da Raƙumi: Yadda Rabuwar Jam'iyyu ta Tsara Makomar Jamhuriyar Nijar ta Farko

Daga cikin manyan ranakun ƙasa na Nijar akwai biyu: 18 ga Disamba, ranar da aka kafa jamhuriya a 1958, da 3 ga Agusta, ranar da aka sami 'yancin kai a 1960. Tsakanin waɗannan ranaku akwai kusan wata ashirin. Duk mai son fahimtar siyasar ƙasar sai ya tsaya ya dubi abin da ya faru a cikinsu, da kuma 'yan watannin da suka gabace su. A wannan ɗan taƙi ne aka tilasta wa gwamnatin farko da 'yan ƙasa suka zaɓa ta sauka, aka kafa wata a madadinta, aka haramta babbar jam'iyyar adawa, jagoranta ya yi gudun hijira. Kafin a sauke tutar Faransa, tuni ƙasar ta zama ta jam'iyya ɗaya.

Har gobe ana muhawara a kan abin da ya raba Diori Hamani, shugaban ƙasa na farko, da Djibo Bakary, jagoran adawa, da kuma ko dole ne rabuwar ta ƙare yadda ta ƙare. Wasu na cewa ƙabilanci ne, wasu na cewa makircin Faransa ne tsagwaronsa, wasu kuma na cewa son mulki ne irin na kowane ɗan siyasa. Kowace amsa tana da nata kason gaskiya, amma babu wadda ta wadatar ita kaɗai. A ganina, saɓanin da ke tsakaninsu halatacce ne, irin wanda kowace sabuwar ƙasa takan fuskanta. Ɓarnar ta samo asali ne daga yadda wanda ya yi rinjaye ya bi da wanda aka kayar.

Gida ɗaya suka fito

Diori da Djibo 'yan uwa ne, dukansu haifaffun ƙauyen Soudouré da ke kusa da Yamai, Diori a 1916, Djibo a 1922. Dukansu sun yi karatu a makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, suka dawo gida suna koyarwa. A 1946, shekarar da Faransa ta soke aikin tilas a ƙasashen da take mulka, aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai. Ta zama reshen babbar ƙungiyar RDA da aka kafa a Bamako a waccan shekara ƙarƙashin Félix Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa, mai alamar giwa. Diori ya tafi Paris a matsayin ɗan majalisa, Djibo kuma yana cikin masu ɗawainiyar jam'iyya a gida.

A majalisar Paris, RDA ta ƙulla ƙawance da jam'iyyar kwaminis ta Faransa, abin da ya jawo mata fushin hukumomin mulkin mallaka. A Nijar, gwamna Jean Toby ya mara wa wata jam'iyya baya, wato UNIS da aka kafa a 1948, wadda ta jingina da sarakuna da kumandojin lardi. Da matsi ya yi tsanani, Houphouët ya raba gari da 'yan kwaminis a 1950, ya zaɓi hanyar sulhu da Faransa. Diori ya bi shi, Djibo ya ƙi. Daga nan hanya ta rabu biyu. Djibo ya duƙufa ga harkar ƙungiyoyin ƙwadago, a 1954 kuma ya kafa jam'iyyar UDN, wadda jama'a suka fi sani da kirarinta na Sawaba, mai alamar raƙumi.

Su wane ne 'yan Sawaba?

Ba za a gane ƙarfin Sawaba ba sai an dubi kasuwar gyaɗa. A wancan zamani gyaɗa ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa waje, kuma daga yankunan Maraɗi, Tasawa, Magarya da Damagaram ake nomanta. Da kaka ta yi, manomi zai ɗoro buhunansa a kan jaki ko raƙumi zuwa inda aka kafa sikeli. Mai awon wakilin kamfanin Turawa ne, farashin kuma daga nesa aka yanko shi. Kuɗin da manomin ya karɓa ba ya kwana a aljihunsa, domin mai unguwa yana jiran haraji, idan yana da dabbobi kuma ga jangali. Direban da ya kwashi buhunan zuwa Kano ko Parakou yana ganin wannan a kowane gari da ya tsaya, yana kuma ɗauke da labari daga tasha zuwa tasha.

Irin waɗannan mutane ne ƙashin bayan Sawaba: direbobi da yaran mota, teloli, mahauta, masu gashin burodi, ƙananan 'yan kasuwa, ma'aikatan gidan waya, leburori, da matan da ke zaman kansu a birane. Su ne suka kai saƙon jam'iyya ƙauyukan da jarida ba ta zuwa. PPN kuwa ta fi ƙarfi a wurin malaman makaranta da akawu da ma'aikatan gwamnati, yawancinsu daga yammacin ƙasar, inda aka fi samun masu ilmin boko tun bayan da aka mai da hedikwata daga Damagaram zuwa Yamai a 1926.

Daga nan ne masu fassarar ƙabilanci suke kafa hujja, suna cewa PPN ta Zabarmawa ce, Sawaba ta Hausawa. Gaskiya ne mutanen gabas suna da ƙorafin cewa su ke noma gyaɗar da ke riƙe da baitulmali, amma muƙamai suna yamma. Sai dai Djibo kansa Bazabarme ne, yana da ɗimbin magoya baya a Yamai da wasu garuruwan bakin kogi, yayin da sarakunan ƙasar Hausa da yawa suka ƙare a ɓangaren Diori. Layin da ya fi raba jama'a shi ne wanda ke tsakanin talaka da masu riƙe da shi.

Wannan ne ma ya sa ƙawancen da ya kai Djibo ga mulki ya zo da rauni tun daga tushe. A 1956 ya haɗa kai da jam'iyyar BNA ta Georges Condat da Issoufou Saïdou Djermakoye, wadda ta fito daga tsatson UNIS, ta kuma dogara da sarakuna. Haɗakar ta ba shi kujerar magajin garin Yamai a ƙarshen shekarar. A zaɓen Maris na 1957, wanda aka yi ƙarƙashin sabuwar dokar da ta ba yankuna ƙwarya-ƙwaryar cin gashin kai, haɗakar ta ci kujeru 41 cikin 60, PPN ta sami 19. Djibo ya kafa gwamnatin farko ta 'yan ƙasa. Amma jam'iyyar da ke yi wa talaka alkawarin sauƙi ta hau mulki ne da ƙuri'un da sarakuna suka tara mata. Da gwamnatin ta fara tuɓe wasu sarakuna, sauran suka sha jinin jikinsu, suka zauna jiran ranar ramuwa.

Satumbar 1958

Ranar ba ta yi nisa ba. Janar de Gaulle ya dawo mulki a Faransa a 1958, ya ba ƙasashen Afirka zaɓi ta ƙuri'ar raba-gardama ranar 28 ga Satumba. Wanda ya ce "E" zai zauna cikin tarayya da Faransa, yana tafiyar da harkokinsa na cikin gida, amma tsaro da kuɗi da hulɗar waje suna hannun Paris. Wanda ya ce "A'a" zai sami 'yanci nan take, tare da yankewar duk wani tallafi. A yammacin Afirka, gwamnatoci biyu ne kawai suka nemi jama'arsu su ce "A'a": ta Sékou Touré a Gini, da ta Djibo Bakary a Nijar.

Hujjar Djibo a bayyane take. 'Yancin da aka cire masa soja da kuɗi da bakin magana a duniya, a wurinsa, ci gaban mulkin mallaka ne da sabon suna. A watan Yuli, a taron jam'iyyar PRA, wadda Sawaba ke cikinta, a Kwatano, shi da takwarorinsa sun riga sun amince da neman 'yanci ba tare da jinkiri ba. Yana kuma kallon Ghana ta Kwame Nkrumah, wadda ta sami 'yanci a 1957, da Najeriya da ke kan hanya, yana ganin Nijar za ta sami mafita ta kudu, inda kasuwancinta da danginta suke tun fil azal.

Hujjar Diori ita ma ba ta wasa ba ce, kuma adalci ne a faɗe ta da nauyinta. Nijar ba ta da gaɓar teku, ba ta da layin dogo. Mutanenta wajen miliyan uku ne a warwatse cikin ƙasa mai faɗin gaske. Yaran da ke zuwa makarantar boko ba su kai biyar cikin ɗari ba, likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa kuwa ana iya ƙirga su da yatsu. Faransa ce ke sayen gyaɗa a farashin da ya ɗara na kasuwar duniya, ita ce kuma ke cike giɓin kasafin kuɗi. Abin da ya sami Gini bayan ta ce "A'a", inda Faransawa suka kwashe ma'aikatansu da kayan aikinsu cikin 'yan makonni, ya nuna cewa tsoron ba na banza ba ne. Gini tana da teku da ma'adinai, Nijar ba ta da ko ɗaya a hannu.

Da an bar hujjojin nan biyu sun kara a gaban jama'a ba tare da katsalandan ba, da kowane sakamako ya fito zai zama abin girmamawa. Amma Faransa ba ta shirya barin Nijar ta suɓuce mata ba. Ƙasar tana iyaka da Aljeriya, inda yaƙin neman 'yanci ke ci tun 1954. A 1957 Paris ta kafa wata hukuma ta musamman don riƙe yankunan Sahara, a shekarar ne kuma aka gano alamun yuraniyom a Azelik. Ana gab da ƙuri'a aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, wanda ya juya dukkan ƙarfin hukuma a kan gwamnatin da ke ƙarƙashinsa. Kumandojin lardi suka shiga kamfe, aka baza sojoji a yankuna, aka ja hankalin sarakuna da alkawari da barazana. Tsofaffin 'yan BNA suka fice daga ƙawancen, suka koma ɓangaren "E".

Sakamakon da aka bayyana ya ba "E" kusan kashi 78 cikin ɗari. Amma adadin da ya fi faɗin gaskiyar lamarin shi ne na waɗanda suka fito: wajen kashi 37 cikin ɗari kawai na masu rajista. Lokacin girbin hatsi ne, ga fargaba ta cika gari, har wasu sun tsallaka iyaka zuwa Najeriya. A watan Oktoba Djibo ya sauka. Aka rushe majalisa, aka sake zaɓe ranar 14 ga Disamba, haɗakar da PPN ke jagoranta ta kwashe mafi yawan kujeru. Bayan kwana huɗu aka ayyana jamhuriya, Diori ya zama shugaban gwamnati, Boubou Hama ya zama shugaban majalisa.

Jamhuriya ba adawa

A nan ne sabuwar gwamnati ta sami zaɓin da yake nata ne, ba na Colombani ba. Tana da rinjaye a majalisa, tana da sarakuna, tana da goyon bayan Faransa. Sawaba ta raunana, amma tana wakiltar wani babban ɓangare na jama'a. Ana iya barinta ta zauna a kujerun adawa, ta yi suka, ta jira zaɓe na gaba. Maimakon haka, sai aka soke 'yan kujerun da ta ci a yankunan Tasawa da Damagaram. Aka hana ta taro, aka kori magoya bayanta daga aiki ko aka tura su garuruwa masu nisa, aka karya ƙungiyoyin ƙwadagon da ke tare da ita. A watan Oktoban 1959 aka haramta ta baki ɗaya. Djibo ya riga ya bar ƙasar, ya zauna a Bamako, daga baya ya koma Accra. Ma'aikatar cikin gida, ƙarƙashin Diamballa Yansambou Maïga, ta zama abin tsoro, 'yan bangar jam'iyya kuma suka cika unguwanni da ƙauyuka suna sa ido.

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Majalisar da aka zaɓa a cikin wancan yanayi na Disambar 1958 ita ce ta karɓi 'yancin kai, ita ce ta amince da tsarin mulkin Nuwamban 1960, ita ce kuma ta zaɓi Diori shugaban ƙasa. Ba a sake komawa ga jama'a ba sai 1965, a lokacin kuma jerin sunaye ɗaya ne da ɗan takara ɗaya. Haka aka maimaita a 1970.

Yana da kyau a kwatanta da abin da ke faruwa a tsallaken iyaka. A Arewacin Najeriya, jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a 1950, tana ɗauke da irin wannan kuka na talakawa, kuma 'yan Sawaba da suka gudu sun sami mafaka a wurin 'ya'yanta a Kano. 'Yan NEPU sun sha ɗauri da bulala a kotunan En'e, amma jam'iyyar ta ci gaba da tsayawa zaɓe har sojoji suka rushe dukkan jam'iyyu a 1966. Mai ƙorafi a Kano yana da tutar da zai tsaya ƙarƙashinta a fili. Takwaransa na Damagaram ba shi da ita.

Ba za a ce gwamnatin Diori ba ta yi aiki ba. Daga kusan babu ta gina ma'aikatu, ta kafa rundunar soja a 1961, ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don karɓe cinikin gyaɗa daga hannun kamfanonin waje, ta faɗaɗa makarantu, ta buɗe cibiyar ilmi mai zurfi da ta zama jami'ar Yamai. Diori ya yi suna a duniya a matsayin mai sasanta rikici, kuma a yaƙin basasar Najeriya ya tsaya tare da gwamnatin tarayya duk da cewa Faransa ta karkata ga Biyafara. Amma yarjejeniyar tsaro ta 1961 ta bar sojojin Faransa a ƙasar, ta kuma ba Paris fifiko a kan ma'adinai masu muhimmanci, wato dai abin da Djibo ya yi gargaɗi a kansa.

Hanyar bindiga

Da aka toshe hanyar ƙuri'a, Sawaba ta koma ƙarƙashin ƙasa. Ta tura matasa karatu da horon soja a Ghana, Aljeriya, Sin da Arewacin Biyetnam. A ƙarshen daminar 1964, ƙananan rukunonin mayaƙanta suka kutsa ta iyakoki daban-daban, suna sa ran jama'a za su tashi su mara musu baya. Hakan bai faru ba. Gwamnati ta riga ta sami labari, ta sa sarakuna da mutanen ƙauye farautarsu. Cikin 'yan makonni aka murƙushe yunƙurin, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai, aka cika gidajen kurkuku da waɗanda ake zargi, har da mutanen da laifinsu kawai shi ne sun taɓa riƙe katin jam'iyya.

A watan Afrilun 1965, ranar Babbar Sallah, jama'a sun yi sahu a filin idi na Yamai, shugaban ƙasa yana gaba, sai wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti. Diori ya tsira, amma wani ƙaramin yaro ya rasa ransa. Babu hujjar siyasa da za ta wanke jefa makami cikin masallata, kuma wannan aiki ya zubar da mutuncin gwagwarmayar a idon mutane da yawa da ke tausaya mata. Da aka kifar da Nkrumah a Fabrairun 1966, Sawaba ta rasa babban sansaninta, maganar tawaye ta mutu.

Djibo ma yana da nasa kason laifi. Ya gina mulkinsa a kan sarakunan da yake shirin ragewa ƙarfi, ya shiga ƙuri'ar 1958 ba tare da ya auna yadda za su juya masa baya ba, daga gudun hijira kuma ya tura matasa cikin yaƙin da bai san jama'a ba su shirya masa ba. Waɗannan kurakurai ne masu tsada, kuma talakawan da suka yarda da shi ne suka biya.

Abin da nasarar ta haifar

Bayan 1966 PPN ta zauna ba abokin hamayya, a nan kuma cutar ta fara cin ta daga ciki. Jam'iyyar da ba ta tsoron faɗuwa zaɓe ba ta da dalilin sauraron kowa. Shekara da shekaru ba ta kira babban taronta ba, mutane kaɗan ɗin da suka kafa ta su ne dai ke riƙe da komai. Da fari ya afka wa yankin Sahel daga ƙarshen shekarun 1960, ya tsananta a 1973, dabbobi suka ƙare, mutane suka yi ta kwarara zuwa birane da Najeriya. Ana ta maganar karkatar da abincin agaji, ana ci gaba da neman haraji a wurin wanda rumbunsa ya bushe, amma babu ɗan majalisar adawa da zai miƙe ya tambayi minista, babu jaridar da za ta buga. Ɗalibai da malamai ne kawai suka rage masu ɗaga murya. Ranar 15 ga Afrilun 1974, sojoji ƙarƙashin Laftanar Kanar Seyni Kountché suka kifar da gwamnati, aka kashe uwargidan shugaban ƙasa, Aïssa Diori, a fadar. Ba a ga jama'a sun fito kare jam'iyyar da aka ce duk ƙasar ta zaɓa ba.

Diori ya yi shekaru a tsare ba tare da shari'a ba, ya rasu a Rabat a 1989. Djibo ya dawo gida bayan juyin mulkin, aka kama shi a 1975, shi ma ya yi shekaru a tsare. Ya rayu har ya ga taron ƙasa na 1991 da dawowar jam'iyyu barkatai, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993 ya sami ƙuri'u kaɗan, ya rasu a 1998. Tsarin tsare mutum saboda ra'ayinsa, wanda aka assasa a 1959, ya cinye wanda aka yi shi dominsa da wanda ya yi shi.

Juye-juyen mulkin da suka biyo baya a Nijar kowanne yana da nasa dalilai, kuma zai zama rashin adalci a ɗora su duka a kan mutanen 1958. Amma su ne suka fara amsa tambayar da kowace jamhuriya take fuskanta a shekarunta na farko: wanda ya faɗi zaɓe, ɗan ƙasa ne mai jiran lokacinsa, ko maƙiyi ne da za a kawar? Diori yana iya zama mai gaskiya a kan haɗarin rabuwa da Faransa farat ɗaya, Djibo kuma mai gaskiya a kan tsadar zama ƙarƙashinta. Ƙasa matalauciya mai fama da fari tana buƙatar jin muryoyin nan biyu a majalisa ɗaya, kowace tana gyara wa ɗaya. Da aka rufe bakin ɗaya, Nijar ta yi asarar rabin shawarar da take da ita a lokacin da ta fi buƙatarta, kuma ta koya wa 'ya'yanta cewa mulki ba ya sauya hannu sai da ƙarfi. Gyara wannan darasi aiki ne da har yanzu yake gaban 'yan siyasar ƙasar, kuma yana farawa ne daga ranar da mai rinjaye ya yarda cewa kare haƙƙin abokin hamayyarsa kare kansa ne.